Yadda na hana karena yi wa mutane tsalle

Alhamdu lillahi, an rabu da wannan fitinar. Duk wanda ya shigo, sai karen ya miƙe ya dafa masa ƙirji da ƙafafun gaba. Tsawa da ture shi da gwiwa ba su hana ba, domin a wurinsa duk wasa ne: an kula shi, abin da yake nema ke nan.

Maganin shi ne hana shi kulawar. Da ya ɗaga ƙafa sai in juya masa baya, in harɗe hannu, ba kallo ba magana. Da ƙafafunsa huɗu sun taɓa ƙasa, cikin daƙiƙa 2 in ce "yauwa", in ajiye masa guntun nama. A ƙasa fa, don in ka riƙe shi sama, tsallen kake koya masa.

In baƙo zai shigo, sai in taka igiyar wuyansa, in bar tsawon da zai ishe shi tsayuwa da zama kawai. Minti 5, sau 2 a rana. Da farko tsallen ƙaruwa yake yi kafin ya ragu. Kuma muddin wani a gidan yana shafa shi yana tsalle, aikin baya zai koma.