Yadda ake sa tayar hunturu da sarƙar ƙanƙara a mota

Ƙanena da ke shirin tafiya Turai karatu ya same ni gida a Mabera, ya ce, "Yaya, wai da gaske ake ɗaura wa mota sarƙa?" Da gaske ne. Na yi tuƙi a Ostiriya, kuma sanyin da ke sa mu kwana jin wuta a Sakkwato cikin Janairu, can ko rigar sanyi ba a sa masa.

Fara da taya. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7, robar tayar da muka sani sai ta sandare ta rage kama kwalta. Ta hunturu ta fi laushi, kuma za ka gane ta da hoton dutse mai tsini uku da ƙwayar ƙanƙara a gefenta. A Ostiriya doka ce daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan hanya na da ƙanƙara, kuma zanen tayar kada ya gaza milimita 4. Huɗu za ka sa. Halinmu na sayen guda biyu a maƙala gaba, a ce na baya sai wata ya yi, ka bar shi a nan gida. Can bayan motar ne zai juyo da kai a kwana. Idan akwai kibiya a jikin tayar, ta kalli gaba. Noti kuwa ka ɗaure ɗaya ka tsallaka na daura da shi, ka sake bin su da sifana bayan kilomita 50.

Sarƙa ce ta ba ni kunya. Tayoyin da injin ke juyawa ake ɗaura wa, wato na gaba a yawancin ƙananan motoci. Ni ban taɓa buɗe jakar ba sai da dare ya yi mini a gindin tsauni, yatsu sun ƙage, wayar hannu a baki ina haska taya. Na ɗaura ta a murɗe, ban kuma tsaya na ƙara ja ba. Ban yi nisa ba na ji ƙwal, ƙwal, tana dukan cikin madigadi har ta tsinke. Saboda haka ka gwada ta a ƙofar gida da rana, sau biyu, tun ƙanƙara ba ta zuba ba.

Ka sauka daga titi inda ƙasa ta daidaita, ka ja birkin hannu, ka kunna fitilun haɗari, ka sa safar hannu. Shimfiɗa sarƙar a ƙasa ka warware duk wata murɗiya, bakin ƙugiyoyi ya kalli waje, kada ya ci roba. Tura wayar ƙarfen da ke jikin sarƙar ta bayan taya, ɗago bakunanta biyu ka haɗa su a sama, ka baza sarƙar ta rufe fuskar tayar daidai, sannan ka ja ta ɗaure. Yi gaba kamar mita 50, tsaya, ka ƙara ja. Akwai mai ɗaure kanta, amma da tsada. Ni ban ga abin da ta fi hannuna ba.

Kada ka wuce gudun kilomita 50 a awa. Kwalta na bayyana ka cire ta, in ka isa gida ka wanke gishirin hanya ka shanya, in ba haka ba tsatsa za ka tarar baɗi.