Yadda ake ceto ɗan wasan da ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo

Duk wanda ya daɗe yana zuwa filayen ƙwallo na unguwa ya san yadda abin ke faruwa. Ana cikin wasa sai yaro ya faɗi, ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya taɗe shi, kawai ƙafafunsa sun saki. Kafin ka ankara mutum talatin sun kewaye shi, wannan ya fasa fiya wata yana sheƙa masa a fuska, wancan ya cire riga yana masa fifita, wani na neman cokali ko ɗan kara a tura masa a baki wai kar ya haɗiye harshe, wani kuma yana cewa iska ce a tofa masa addu'a. Kowa da kyakkyawar niyya wallahi, ba na zargin kowa, amma a cikin duk abubuwan nan babu ko ɗaya da ke tayar da zuciyar da ta tsaya.

Na taɓa ganin haka da idona a wani fili bayan la'asar, yaro ne matashi ɗan wasan tsakiya, ya juya zai koma baya sai kawai ya kife da fuska. Ina cikin masu yayyafa masa ruwan. Yana wani irin jan numfashi kamar minshari, jefi-jefi, muka ce ai da sauran numfashi, aka ɗora shi kan acaɓa wani ya tallafe shi ta baya aka nufi asibiti. Bai kai ba. Kwanansa ne ya ƙare, wannan na yarda, amma daga baya da na je na koyi taimakon gaggawa sai na gane wannan minsharin da muka ɗauka numfashi ne shi ne babbar alamar cewa zuciya ta tsaya, kuma akwai abin da hannayenmu za su iya yi a lokacin wanda ba mu yi ba saboda ba mu sani ba.

Ba a unguwa kaɗai abin yake ba. Samuel Okwaraji ya faɗi a babban filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, yana da shekara 25. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon ta Faransa a watan Yuni 2003 ana wasa da Kolombiya. Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a watan Maris 2020. Duk sun rasu. Amma Fabrice Muamba na Bolton, wanda ya faɗi a filin Tottenham a 2012, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta kuma ya rayu, saboda tun daga fili har asibiti ba a daina danna ƙirjinsa ba. Christian Eriksen ma duniya ta gani a 2021 a wasan Denmak da Finland, an fara danna masa ƙirji nan take, aka jona masa na'ura ta girgiza zuciyar, ya dawo, har ya buga kofin duniya a Katar a 2022. Toh ga yadda ake yi.

Abu na farko, ka gane abin da kake gani. Likitocin wasanni sun yi ittifaƙi a kan ƙa'ida guda: ɗan wasan da ya faɗi ba tare da an yi karo da shi ba, kuma ba ya amsawa, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya har sai an tabbatar ba haka ba ne. Kar ka jira rafali ya busa, ka ruga. Ka durƙusa, ka bubbuga kafaɗarsa da ƙarfi, ka kira sunansa. In bai amsa ba ka juya shi rigingine ka kalli ƙirjinsa, kada ka wuce sakan 10 kana kallo. Kar ma ka ɓata lokaci wajen laluben bugun jijiya a wuya ko a hannu, kai da ba ma'aikacin lafiya ba ga ruɗewa, naka bugun za ka ji ka ɗauka nasa ne.

Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, don haka bari in daɗe a kai. Wanda zuciyarsa ta tsaya ba lallai ne ya kwanta shiru kamar gawa ba. Idonsa na iya zama a buɗe. Yana iya yin wannan jan numfashin mai kama da minshari ko shaƙuwa, ɗaya yanzu ɗaya sai an jima, baki na buɗewa kamar kifin da aka fitar daga ruwa, wannan ba numfashi ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke ƙoƙarinta na ƙarshe. Kuma binciken da aka yi kan matasan 'yan wasa a Amurka ya nuna da yawansu suna fizge-fizgen hannu da ƙafa a farkon faɗuwar, sai a ce farfaɗiya ce a bar shi ta sake shi, mu a nan kuma sai a ce mutanen ɓoye ne. In ka ga yaron da ba a san shi da farfaɗiya ba ya faɗi yana fizga a tsakiyar gudu, zuciya za ka fara tunani. Ko da ka yi kuskure ka danna ƙirjin wanda suma kawai ya yi, zai motsa ya ture hannunka shikenan, cutarwar kaɗan ce. In kuwa ka yi kuskure ta ɗaya gefen babu gyara.

Na biyu, raba aiki da suna. Kar ka ce "a kira mota", kowa zai ɗauka wani ya kira. Nuna mutum ka ce kai Malam kira lambar gaggawa 112, kai kuma ruga asibitin da ya fi kusa ka taho da nas ko likita, kai nemo mota, ku biyun nan ku mayar da jama'a baya. In akwai na'urar AED a kusa, wato na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki, a ce a kawo ta a guje.

Na uku shi ne ainihin aikin, danna ƙirji. Ya kasance yana kwance a ƙasa mai tauri, filin kansa ya isa. Ɗage rigar ko ka yage ta. Ka sa tushen tafin hannunka ɗaya a tsakiyar ƙirji kan ƙashin nan na tsakiya, ka ɗora ɗaya hannun a kai ka sarƙe yatsu, ka miƙe gwiwar hannu kar ta lanƙwashe, kafaɗunka su zo daidai saman hannayenka, sai ka riƙa dannawa da nauyin jikinka gaba ɗaya. Zurfin santimita 5 zuwa 6 ake so, wato ƙirjin ya lotsa sosai ba shafawa ba, kuma sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, kusan danna biyu ke nan a kowane sakan. Bayan kowace danna ka bar ƙirjin ya taso ya koma yadda yake kafin ka sake, don a lokacin tasowar ne jini ke cika zuciya. Ka riƙa ƙirgawa da ƙarfi, ɗaya biyu uku huɗu, yana taimaka maka ka riƙe saurin.

Me kake yi a zahiri? Kana matse zuciyar ne tsakanin ƙashin ƙirji da ƙashin baya tana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa, kai ne ka zama famfon. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini, cikin minti 4 zuwa 6 ta fara lalacewa, kuma kowane minti da ya wuce ba a yi komai ba damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Yanzu lissafa mintin da ake ɓatawa wajen yayyafa ruwa da neman acaɓa da gosulo a hanya.

Za ka iya jin ƙas a ƙarƙashin hannunka, haƙarƙari ne ya tsage ko guringuntsi ya saki. Dan Allah kar ka tsaya. Haƙarƙari yana warkewa. Kuma za ka ji ana maka ihu ta baya cewa za ka ƙarasa shi, shi ya sa nake so koci da kyaftin su san wannan abin tun kafin ranar, su tsaya maka.

Batun hura iska a baki, in an koya maka, danna 30 sai ka ɗaga haɓarsa ka toshe hanci ka hura sau 2 ka koma dannawa. In ba a koya maka ba ko kana ƙyanƙyami, bar shi, ka ci gaba da dannawa kawai ba tsayawa, a mintunan farko akwai sauran iska a jininsa. Aikin yana gajiyarwa fiye da yadda kake zato, bayan minti 2 hannunka zai fara sanyi ko ba ka ji ba, don haka wani ya durƙusa a ɗaya gefen ku riƙa karɓeɓeniya, canjin ya zama cikin ƙiftawar ido. Harshe kuma ba a haɗiye shi, yana dai iya zamewa baya ya toshe hanya, ɗaga haɓa ke gyara wannan, tura yatsa ko cokali sai dai a karya haƙori ko a cije ka. Kada a ɗura masa ruwa ko madara ko lemo, huhu zai tafi. In kuma mace ce ta faɗi, don yanzu 'yan mata na buga ƙwallo da guje-guje a makarantu, haka za a yi mata, in akwai mace a kusa da ta iya ta yi, in babu kai ka yi, larura ce ta ceton rai.

Na huɗu, na'urar AED. Dannawa tana riƙe mutum ne, amma mafi yawan lokuta abin da ya samu zuciyar ɗan wasa shi ne wutar da ke tafiyar da bugunta ta hargitse, sai ta koma karkarwa a maimakon bugawa, kuma girgizar lantarki ce ke daidaita ta. Na'urar ba ta da wuyar aiki, kana kunna ta za ta riƙa faɗa maka abin yi. Goge gumin ƙirjin, manna faifan na'urar guda biyu, ɗaya a ƙasan ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata, akwai hoto a jikinsu. Ita za ta auna ta yanke hukunci, ba za ta girgiza wanda bai buƙata ba. In ta ce a girgiza kowa ya ɗauke hannu, a danna maɓalli, sannan nan take a koma danna ƙirji ba jira. Na san yawancin filayenmu babu ita, kuma wannan yana ci min rai, kulob ɗin da ke iya ɗinka jesi kala uku da biyan kuɗin gasa ya kamata ya sa ta cikin lissafi, ko kulob-kulob ɗin da ke amfani da fili ɗaya su haɗa kuɗi.

Na biyar, maganar tafiya asibiti, wadda a wajenmu ita ce mai wuya tunda ba kullum motar asibiti ke zuwa ba. Kar a ɗora shi kan acaɓa, kar a cusa shi a A daidaita sahu a zaune, duk tsawon tafiyar babu jini a ƙwaƙwalwarsa. In taimako na tafe a ci gaba da dannawa a wurin. In babu mai zuwa a nemo a-kori-kura ko bas da za a shimfiɗe shi a ƙasa mai tauri, mutum biyu su shiga da shi suna dannawa har ƙofar asibiti, wani kuma ya riga su da waya ko a babur ya sanar. Ana tsayawa ne idan ya fara numfashi sosai ko ya motsa, ko ma'aikatan lafiya sun karɓa.

In ka duba ka ga yana numfashi daidai, ƙirji na hawa da sauka, to ba a danna shi. Kwantar da shi ta gefe ka zauna kana kallon numfashin. In da rana ce mai zafi irin ta Afrilu kuma jikinsa ya yi zafi zau yana sambatu, a kai shi inuwa a jiƙa shi sharkaf da ruwan sanyi da ƙanƙara, a nan ne ruwan ke da amfani. In karo aka yi da kai ko ya faɗo ta wuya, kar a ɗaga shi barkatai.

Sauran aikin kafin ranar ne. Kowane koci ya zaunar da yaransa farkon kaka ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a keɓe don yaro ba zai faɗa a gaban abokai ba yana tsoron a ajiye shi a benci: ka taɓa suma kana cikin gudu, ƙirjinka na ciwo ko zuciyarka na bugawa barkatai in kana tirenin, kana saurin haki fiye da sa'anninka, akwai wanda ya mutu farat ɗaya a gidanku yana matashi? Eh guda ɗaya ta isa a tura shi ya ga likita a yi masa gwajin ECG, wato gwajin da ke auna bugun zuciya. Nwankwo Kanu gwaji ne ya gano matsalar zuciyarsa a Inter Milan a 1996, jim kaɗan bayan Najeriya ta ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, aka yi masa tiyata a Amurka ya dawo ya yi shekaru yana bugawa. Italiya ta wajabta irin wannan gwajin tun 1982, kuma binciken da aka yi a yankin Veneto ya nuna mutuwar fuju'a tsakanin matasan 'yan wasa ta ragu da kusan kashi 89 cikin ɗari. Sannan mai zazzaɓi ba ya buga wasa, ko fainal ne, don wasu ƙwayoyin cutar suna kumbura naman zuciya, shan farasitamol a shiga fili rufe alama ne kawai. Masu haɗiyar tiramadol don kar su gaji kuma su sani suna rufe wa kansu gargaɗin da jiki ke bayarwa ne.

Ƙungiyar Red Cross tana koyar da taimakon gaggawa, ku nemi reshen jiharku ko ku roƙi wani nas na unguwa ya zo fili wata Asabar. Kafin nan, a tirenin na gaba ku ware minti goma, ku cika buhu da tsummokara ku ɗaure shi tam, kowane ɗan wasa har gola da masu ɗebo ƙwallo ya durƙusa ya danna na minti 2 ana duba masa agogo, sannan a rubuta lambar asibitin da ya fi kusa a jikin jakar kayan wasa.