Yadda za ka fara binciken ƙwarewar 'yan wasa

Shawarata ga ɗan Gombe mai son wannan fanni: fara da digirin ilimin motsa jiki, ana yi a ABU Zariya da BUK. Amma kada ka zauna jiran ɗakin gwaji. Je filin wasa na Pantami da sassafe, nemi izinin koci, kafa wayarka, ɗauki gola yana tare fenareti. Saka bidiyon a Kinovea, manhajar kwamfuta ta nazarin bidiyo, kyauta ce, ka rage gudunsa. Lura da lokacin da ya fara faɗawa: gwani kan karanci ƙugun mai bugu da ƙafar da ya kafa tun ƙwallo ba ta tashi ba.

Ƙididdiga kuwa, kama ta da wuri, nan ɗalibaina suka fi maƙalewa. In ka samu koyarwa a jami'ar gwamnati, nemi tallafin digiri na uku daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.