Babi na 6: Jikinki Bayan An Gama Maganin Sankarar Mama

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. An yi aiki, an gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, an sallame ki. Kowa yana yi miki barka, ke kuwa daga gado zuwa ƙofa sai kin nemi wurin zama. Ba ragwanci ba ne. Wannan gajiya takan kai watanni, wasu har shekara ko fiye, kuma barci kaɗai ba ya korar ta. Karanta a hankali. Kalmar da ta yi miki wuya, ɗora yatsa a kanta ki maimaita.

Darasi na 1: Ƙwayar kullum

A jikin mace akwai wani sinadari mai suna isturojin. Faɗi: is-tu-ro-jin. Yawancin sankarar mama da shi take girma. Shi ya sa ake ba mata da yawa ƙwayar da ke tare shi ko rage shi, kullum, tsawon shekara 5, wani lokaci har 10. Ɗauko kwalinki. Za ki ga ɗaya daga cikin waɗannan sunaye: tamoxifen, letrozole, anastrozole, exemestane. Bi haruffan ɗaya bayan ɗaya har ki gane naki. Idan ba a ba ki ba, kada ki damu, ba kowace iri ce ke buƙatarta ba.

Yanzu ɗauki takarda. Zana gida 7, ɗaya na kowace rana: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, Lahadi. Ajiye takardar da biro kusa da maganin. Zaɓi lokaci ɗaya, kada ki riƙa canzawa.

Ga inda ake tuntuɓe. Ki sha, sannan ki yi alama. Shan ne farko, alama ta biyo baya. Wata ɗalibata ta kawo mini takardarta ranar Litinin da safe, gida bakwai duk ta cike da alama mai kyau, tana murmushi. Na tambaye ta, “Ta Alhamis fa, kin sha?” Ta ce, “Ai zan sha, Malama.” To ranar Alhamis idan ta duba, me takarda za ta gaya mata? Alama shaida ce cewa ƙwaya ta wuce maƙogwaro. Mu sake: ƙwaya a baki, ruwa, haɗiye, sai biro. Ba ki haɗiye ba, kada ki taɓa biro. Kin ɓata makon farko? Ba komai, zana sabuwa.

Idan kin manta kika tuna a ranar, ki sha. Idan har lokacin ta gobe ya yi, bar gidan jiya babu alama. Kada ki haɗa biyu. Gida ɗaya, ƙwaya ɗaya, alama ɗaya, kuma bayan kin haɗiye.

Wannan kuma na gaji da faɗarsa. Wasu da sun ji zafin jiki ko ciwon gaɓoɓi sai su ajiye maganin a ɓoye, su zo aji su yi shiru. Haba! Kin jure wuƙa, kin jure kemo, sai ki yar da abin da ke rage haɗarin dawowar cutar? Gaya wa likita. Yana iya canza miki wani.

Darasi na 2: Zafi da gumi

Da magani ya rage isturojin ko ya tare shi, zafi kan taso daga ƙirji zuwa fuska, minti kaɗan ya wuce. Da dare ki farka riga sharkaf. Ga bushewar gaba, ga saurin fushi, ga hawaye ba dalili. Sa tufa marar nauyi, ajiye ruwan sanyi da rigar canji kusa da gado. Bushewar gaba tana da man da ake shafawa, tambayi ma'aikaciyar jinya, ba abin kunya ba ne. Kada ki sha maganin homon, wato sinadari irin su isturojin, ko wani haɗi da aka ba ki sai likitanki ya gani.

Kemo kan ɗauke al'ada. Ɗaukewarta ba ta nufin ba za ki yi ciki ba, kuma tamoxifen na iya cutar da ɗan tayi. Ku tattauna hanyar tazara da likita.

Darasi na 3: Gajiya

Kwanciya duk yini ƙara ta take yi. Fara tafiya ta minti 10. Ƙara kaɗan kaɗan har ki kai minti 30, sau 5 a mako. Aiki mai nauyi, yi shi a lokacin da kika fi ƙarfi, ki huta tun kafin ki galabaita. Barcin rana kada ya wuce minti 30. Gajiyar ta ƙi sauƙi? A duba ko jininki ya yi ƙasa.

Darasi na 4: Alamun komawa asibiti da wuri

Jini daga gaba ba a lokacinsa ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Numfashi na sarƙewa. Sabon ƙullutu. Ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya.

Kwafe waɗannan biyar a bayan takardarki mai gida 7, ki kawo ta aji mako mai zuwa.