Kada ki zubar da tafarnuwar da ta tsiro

Salamu alaikum 'yan uwa.

Tafarnuwar nan da ta fara tsiro a kwandonki, dasa ta za ki yi.

Ki rarraba ta ƙwaya-ƙwaya. Ki samu tsohon gwangwanin madara, ki huda gindinsa, ki zuba ƙasa da ɗan taki. Tsinin ya kalli sama.

Cikin sati 2 zuwa 3 ganye zai fito kore shar, kamar lawashi, sai dai shi ba rami a cikinsa. Ƙwayar ce ke ciyar da shi, shi ya sa ba ya wahalar fitowa.

Ki yanka da almakashi, ki bar tsawon yatsa ya sake tohowa.

Ƙamshinsa bai kai ƙwayar ƙarfi ba, kuma ba ɓawo, ba daka. Ni a wainar ƙwai na fi son shi, wallahi har yara sun gane bambanci. Dafa-duka ma yana karɓa.

Amma sai kin kusa saukewa za ki zuba. In ya daɗe a wuta, ƙamshin ya tafi.

Da hunturu ake yi, lokacin da manoman Goronyo da Wurno ke nomanta. Zafin bazarar Sakkwato ƙone shi yake yi.

Yanka biyu ko uku ƙwayar ta gaji, sai ki dasa wata.