In ramin laka ya tsuke a wuya, ga yadda za ka bi da shi

Jama'a ba kowane ciwon wuya ne na filo ba. Ƙasusuwan wuya guda 7 ne, a tsakiyarsu akwai rami da laka (babbar jijiyar da ta taso daga ƙwaƙwalwa) ke bi, toh da shekaru sun ja sai faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ya lotse, ƙashi ya yi tsiro, ramin ya tsuke, yawanci wajen ƙashi na 5 da na 6 da na 7.

Abu na farko ka lura da hannunka da tafiyarka. In dai ciwo ne ke sauka daga wuya zuwa hannu ɗaya kamar ana tsira maka allura, galibi jijiya ce aka danne, wannan sau da yawa magani da gashin ƙashi na sauƙaƙa shi cikin makonni, likita zai iya ba ka diclofenac ko ibuprofen (mai olsa ko ciwon ƙoda ya faɗa masa tun farko don Allah) ko pregabalin na jijiya, wani kuma a yi masa allura a wuyan. Abin ɗaure wuya kwana kaɗan ake sa shi, in ya daɗe naman wuyan sanyi yake yi.

Amma in ka ga maɓallin riga na gagarar ka, kofin shayi na suɓucewa, kana tafiya kana tangaɗi, ko ka sunkuyar da kai ka ji kamar shokin ya ratsa bayanka, wallahi lakar ce da kanta ake matsewa, kar ka tsaya jiƙe-jiƙe. Nemi hoton MRI don eksire ba ya nuna laka, ka ga likitan ƙwaƙwalwa da laka ko na ƙashi irin na asibitin Dala a Kano. In za a yi tiyata, ko ta gaban wuya a cire faifan a haɗe ƙasusuwan, ko ta baya a buɗa ramin. Babban aikinta ta tsayar da lalacewar, abin da ya riga ya mutu ba lallai ya dawo duka ba, shi ya sa jinkiri ke ban tsoro. Mai shan taba ya ajiye, tana hana ƙashin haɗewa.

Kafin nan ka daina ɗaukar kaya a ka, ka kiyayi acaba a hanya mai gargada, kuma kar ka bari mai ɗori ko mai tausa ya murɗa maka wuya, murɗa ɗaya na iya kwantar da mutum. In fitsari ya fara ƙwace maka, ranar za ka tafi asibiti.