Babi na Bakwai: Sauya Robar Gilashin Ƙofa a Tsohuwar Mota

Darasi na 1: Mu san robar

Tsaya a bakin ƙofar motar, ka sauke gilashin ƙasa. Dubi tsagar da gilashin ya nutse a ciki. Za ka ga roba biyu dogaye a kwance, ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki, gilashin yana bi ta tsakaninsu. Su ne ke share ruwa da ƙura, su kuma hana gilashin kaɗawa. Idan suka bushe suka tsattsage, ruwan sama ya samu hanya. Zai gangara ya kwanta a gindin ƙofa, tsatsa ta dinga cin ƙarfen ta ciki alhali fenti yana ƙyalli a waje. Mota irin Fijo 504, wadda aka fara ƙerawa a 1968, in ba a taɓa sauya mata roba ba, ka taɓa ka ji: ta yi tauri kamar busasshen icce.

Yanzu ɗauki sabuwar robar a hannunka. Shafa ta da yatsa. Gefe ɗaya yana da gashi mai laushi kamar karammiski. Wannan gefen mai gashi, gilashi yake kallo. Karanta layin nan sau biyu. Gefe mai gashi, gilashi yake kallo.

Darasi na 2: Cire tsohuwar

Tanadi sukurudireba, filaya, salatif na takarda, tsumma, da ɗan gwangwani na zuba sukurori.

Fara da kwance hannun da ake murɗa gilashi. A motoci da yawa wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙugiya ne yake riƙe da shi ta baya. Zura gefen tsumma a bayan hannun, ka ja shi hagu da dama, ƙarfen zai fito. Yakan yi tsalle, don haka tare shi da tafin hannu, ka jefa shi a gwangwani. Sai ka kwance hannun buɗe ƙofa, ka ɓalle murfin ƙofar na ciki a hankali.

Manna salatif a kan fenti, tun daga farkon tsagar har ƙarshenta. Naɗe bakin sukurudireba da tsumma, ka zura shi ƙarƙashin robar daidai inda kilif yake, wato ɗan abin da ke riƙe robar a jikin ƙofa, ka ɗaga kaɗan. Kilif ɗaya bayan ɗaya. Kada ka fizga. In hannunka yana rawa ba komai, kowa da haka ya fara.

Kafin ka ajiye tsohuwar robar, dube ta da kyau. Ina gashinta yake, ko da ya sule? Wajen gilashi. Rubuta a salatif ka liƙa mata: "dama, waje" ko "dama, ciki". Kada ka jefar da ita, ita ce ma'auninka.

Darasi na 3: Sa sabuwar

Goge bakin ƙofar. In ka ga tsatsa, kankare ta ka shafa fenti, ka bari ya bushe. Duba ƙananan ramukan da ke gindin ƙofa, waɗanda ruwa ke fita ta cikinsu, ka tsokace su da waya.

Jera sabuwa kusa da tsohuwa a kan tebur. Tsawo ya zo ɗaya? Kilif-kilif sun yi daidai da juna? In sabuwar ta fi tsawo, rage kaɗan ka gwada, ka sake rage kaɗan. Abin da ka yanke ba ya dawowa.

To, ga inda ake faɗuwa. Ɗora robar a bakinta, amma kada ka danna tukuna. Tambayi kanka da baki: ina gashin yake kallo? In gilashi yake kallo, madalla, ka yi daidai. In ba haka ba, ɗauke ta. Wataƙila ka juya ta ne, wataƙila ta ɗaya ƙofar ce ka ɗauko, domin a motoci da yawa ta hagu ba ta zama a dama.

Na ga ɗalibin da ya danna kilif duka, ya murɗa gilashi, gilashin ya cije a tsakiya yana ƙara. Da muka ciro robar, kilif uku sun lanƙwashe, fentin bakin ƙofa ya kwarzane. Sau nawa zan faɗa? Wasunku suna gyaɗa kai a aji, su je gaban mota su yi gaban kansu. Duban nan bai kai ƙiftawar ido ba, amma ganda take hana ku. Gefe mai gashi, gilashi yake kallo. Ta waje haka, ta ciki haka.

In ka tabbatar, danna da babban yatsa daga gaba zuwa baya har ka ji kowane kilif ya ce ƙas. Ban da guduma. Ɗaga gilashi ka sauke sau uku kafin ka mayar da murfin ƙofa. In ya ɗan yi nauyi, sabunta ce, zai sake.

Darasi na 4: Robar da ke zagaye da firam ɗin gilashin ƙofa

Jawo tsohuwar daga kwarinta, ka share kwarin. Fara tura sabuwar daga kusurwar sama, ka bi da ita ƙasa. Kada ka ja ta don ta kai, za ta koma ta bar giɓi.

Darasi na 5: Kulawa

Kada ka shafa mata baƙin mai ko giris, suna kumbura roba. Man silikon kaɗan ya isa.